Ramukan da Aka Bari a Baya: Daga Kwal ɗin Enugu Zuwa Kuzar Riruwai

Babu ramin kwal a Saulawa, babu shi a Ikara ko Maƙarfi ko Kudan. Dutsen da ke kwance ƙarƙashin gonakin rake da tumatir da barkonon wannan yanki tsohon dutse ne mai tauri, irin wanda ba ya ɗauke da kwal. Shi kwal yana samuwa ne inda dazuzzukan fadama suka ruɓe, laka da yashi suka danne su shekaru miliyoyi, kamar a ƙasar Enugu da Ankpa da Lafiya da Gombe. Duk da haka, fiye da shekara 40 gyaɗa da audugar da kakanninmu suka noma da ƙarfin kwal suke isa bakin teku. Jirgin ƙasan da ke tasowa daga Kano ya ratsa ta Gimi ya nufi Zariya yana tuƙa baƙin hayaƙi, abin da ke ci a cikinsa wasu mutane ne suka haƙo shi da diga, a durƙushe, cikin duhun duwatsun Enugu.

Yau waɗannan ramuka a yashe suke. Haka ma ramukan kuza na Riruwai da Dutsen Wai da Filato, waɗanda suka fi kusa da mu, kuma waɗanda mutanen lardin Zazzau suka zubar da guminsu a ciki, wasu ma a can suka bar rayukansu. Abin da ya rage na ƙarfe 'yan gwangwan na yanka suna aunawa a sikeli. Dattawan da suka yi aikin kuma kullum raguwa suke yi. A daidai wannan lokaci ne kusan kowane saurayi ya mallaki waya mai ɗaukar hoto, sha'awar shiga kufai da tsofaffin masana'antu don a ɗora a TikTok da Facebook kuma tana ƙaruwa. Wannan sha'awa abu ce mai kyau idan aka ba ta alƙibla. Idan aka bar ta haka, tana iya kai yaro ramin da ba zai fito ba, tarihin kuma ya salwanta ba a rubuta shi ba.

Baƙin dutsen da ya gina birni

A shekarar 1909 ne masu binciken ma'adinai na gwamnatin mulkin mallaka, ƙarƙashin Albert Kitson, suka tabbatar da akwai kwal a tsaunukan Udi. Kafin nan kwal ɗin da jiragen ƙasa da na ruwa ke ƙonawa daga Ingila ake kawo shi da tsada. Saboda wannan dutse aka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, aka shimfiɗa dogo daga can zuwa gindin tsaunukan, ya isa a 1916. Inda leburori suka kafa bukkokinsu nan ne ya zama Enugu, har yau kuma akwai unguwar da ake kira Coal Camp. Dogon ya ci gaba zuwa arewa, ya haɗu da na Kaduna ta Kafanchan a 1927, aka gama gadar Makurdi a 1932. Daga nan kwal ya riƙa zuwa Arewa kai tsaye, yana tafiyar da jiragen gyaɗa da injinan kamfanonin kuza.

Aikin ramin ba na rago ba ne. Mai sara ya sari dutsen da diga, wani ya loda a ƙananan taragu, wasu su tura su kan siririn dogo zuwa waje, wasu kuma aikinsu kafa gumaguman katako don kada rufin ya rufto. Da farko ma sarakunan yankin ne ke tilasta wa talakawansu zuwa aikin. Ɗaya daga cikinsu, Onyeama na garin Eke, har an sa wa wani rami sunansa. Garin Enugu ya jawo mutane daga ko'ina, ciki har da Hausawa fatake da mahauta da dillalan shanu. Ɗaya daga cikin waɗannan baƙi, Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, shi ne ya zama magajin garin Enugu na farko a shekarun 1950, da ƙuri'un mutanen garin.

Ranar da ba a mantawa da ita a tarihin kwal ita ce 18 ga Nuwamba, 1949. Ma'aikatan ramin Iva Valley suna cikin takaddama da hukuma kan bashin albashi da korar abokan aikinsu, sun zauna a bakin aiki sun ƙi tashi. Gwamnati ta tura 'yan sanda su kwashe nakiyoyin fasa dutse da ke ajiye a wurin. Wani Baturen ɗan sanda mai suna F. S. Philip ya ba da umarnin buɗe wuta. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. An kafa hukumar bincike ƙarƙashin wani Bature mai suna Fitzgerald, amma abin da ya fi rahotonta tasiri shi ne yadda kisan ya haɗa kan 'yan siyasa da 'yan ƙwadago na sassan ƙasar nan wajen neman mulkin kai.

A 1950 aka kafa Hukumar Kwal ta Nijeriya. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 ana haƙo sama da tan 900,000 a shekara. Daga nan aka fara gangara. Hukumar jiragen ƙasa, wadda ita ce babbar mai saye, ta koma injinan dizal. Man fetur ya bayyana a Oloibiri a 1956. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da aiki, ruwa ya cika ramuka da dama. A cikin yaƙin ne ma aka buɗe na Okaba kusa da Ankpa don a cike giɓin. An sayo injina daga ƙasar Folan a shekarun 1970 don farfaɗo da aikin, ba su dace da yanayin ramukan ba. Zuwa farkon shekarun 2000 komai ya tsaya.

Abin da ido ke gani a bakin ramin

Ramukan Enugu ba kamar rijiya suke ba. Ƙofofi ne da aka huda a jikin tsauni, suna shiga ciki a kwance suna bin jijiyar kwal ɗin. Wanda ya tsaya a bakin irin wannan ƙofa, abin da zai fara ji shi ne sanyin iskar da ke fitowa tana dukan ƙafafunsa, da warin laima da tsatsa. Ciyawa da kurangar daji sun sauko sun rufe rabin bakin. Taku kaɗan daga ciki haske ya ƙare. A ƙasa akwai ruwa yana malalowa a hankali, ya rina duwatsun da yake bi da wani launi ja-ja mai kama da tsatsa, a gefensa kuma ciyawa ba ta tsira sosai.

Wannan launi yana da dalili. A cikin kwal da dutsen da ke kewaye da shi akwai wani ma'adini mai haɗin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne ba ya cutar da kowa. Da an huda dutsen, iska da ruwa suka same shi, sai ruwan ya yi tsami, ya narkar da ƙarfe da sauran ma'adinai ya fito da su. Shekara da shekaru bayan an daina aiki, ruwan ramukan Onyeama da Okpara bai daina gangarawa cikin rafukan da ke ratsa Enugu ba, ciki har da Ekulu, inda jama'a ke wanki da ɗiban ruwa. Mai ɗaukar hoton da ya san wannan ba zai tsaya kan kyan launin kawai ba. Zai bi ruwan ya ga inda ya nufa, ya ɗauki wanda ke wanki a ƙasa da shi, domin labarin ramin bai ƙare ranar da aka rufe ofis ba.

Namu ramukan

Mutumin Saulawa ba sai ya je Enugu zai ga ramin da aka yasar ba. Idan ya tsallaka iyakar jihar Kano ya bi ta Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, zai isa Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa. Idan kuma ya yi kudu zuwa ƙasar Kubau, wadda a da take cikin ƙaramar hukumar Ikara, ga Dutsen Wai. Waɗannan duwatsu dangin na Jos ne, kuma su ne ke ɗauke da kuza.

Tun kafin Bature ya zo mutanen Riruwai ke wanke kuza a rafi, su narkar da ita a matoya, su zuba ta ta fito sirara kamar tsinke, a ɗaure dami-dami a kai kasuwa. Wasu daga cikinsu suka yi ƙaura suka kafa Riruwan Dalma a ƙasar Bauchi. Irin waɗannan tsinkayen da Turawan kamfanin Neja suka gani a hannun fatake ne suka sa su bin sawu har suka gano tushen abin. A 1902 kamfanin ya tura masu bincike, a shekarun da suka biyo baya wani Bature mai suna Kanar Laws ya hau Filato da rakiyar soja ya kafa sansani a Naraguta. Aka yanka ƙasar fili-fili aka raba wa kamfanoni, sana'ar narkar da kuza ta gargajiya ta mutu.

Don a fitar da kuzar aka shimfiɗa ƙaramin dogo daga Zariya, ya bi ta Soba da Dutsen Wai, ya isa Rahama a 1912, ya kai Jos da Bukuru a 1914. An rufe shi a 1957, wasu kawunan jiragensa suna ajiye a gidan tarihi na Jos. Ta wannan hanya, da ƙafa da jirgi, dubban 'yan cirani daga ƙasar Zazzau da Kano suka riƙa tafiya bariki bayan an gama girbi, su ɗauki kwano, su yi wa helma aiki na 'yan makonni, su samo kuɗin haraji da na aure su dawo kafin damina.

Wannan tafiya ta ganin dama ce. Wadda ta biyo baya ta dole ce. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wadda ita ce babbar mai ba Ingila kuza, alhali yaƙi na buƙatarta. Sai gwamnati ta kafa dokar aikin tilas. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa yanka wa kowane lardi adadin mutanen da zai kawo, lardi ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya shiga gida-gida. Wannan shi ne abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Dubun-dubatar magidanta aka kwasa zuwa Filato, inda sanyin hunturu ya fi ƙarfin tufafin da suka zo da su, abinci bai isa ba, makwanci a cunkushe. Ciwon haƙarƙari da gudawa da sanƙarau suka kashe mutane da yawa, musamman a aikin madatsar ruwa ta Tenti; wasu suka gudu suka dawo gida da ƙafa. A 1943 kuzar da Nijeriya ta fitar ta haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Wannan adadi yana cikin littattafai. Sunayen mutanen da suka ɗauko ta a ka kuwa sai a bakin jikokinsu.

Riruwai ta sake samun wani zamani a shekarun 1970, lokacin da aka haƙa babban rami na ƙarƙashin ƙasa don bin wata doguwar jijiya mai ɗauke da kuza da tutiya, da hannun Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya wadda aka kafa a 1972. An kashe kuɗi, an gina gidajen ma'aikata, an kawo injina. Sai kasuwar kuza ta duniya ta rushe a watan Oktoban 1985, farashi ya faɗi warwas, aikin Riruwai da na manyan kamfanonin Filato duk suka durƙushe. Abin da aka bar wa jama'a shi ne tsibin ƙasa da gine-ginen da ba kowa, da ɗaruruwan kududdufai masu zurfi a Filato waɗanda ke cin mutane da dabbobi. Matasa kuma suka koma tona ƙananan ramuka da hannu, waɗanda a Jos ake ce wa loto.

Ramukan kuzar nan sun ba duniya wani abin da ba a zata ba. A 1928 masu haƙa suka tono wani ɗan mutum-mutumin yumɓu kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna. A 1943 aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan yumɓu daga Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonarsa ta doya don korar dabbobi. Daga nan aka gano wayewar Nok, mai shekaru sama da 2,000, aka kuma buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Da ba a samu mai lura da ya tambayi daga ina kan nan ya fito ba, da a gonar zai farfashe.

Abin da ke kashe mutum a tsohon rami

Kafin maganar hoto, dole a yi maganar rai. Da yawa daga cikin waɗanda tsohon rami ya halaka ba rufi ne ya faɗo musu ba, iska ce. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata ne ke riƙe da numfashi. A ramin da aka daina hura wa iska, ruɓar katako da tsatsar ƙarfe da shi kansa kwal ɗin suna cinye wannan kaso, wata iska mai nauyi ta maye gurbinsa ta kwanta a wurare masu gangare. Ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum zai ji kansa ya yi nauyi, ƙafafunsa su saki, kafin ya gane abin da ke faruwa ya faɗi, kuma a ƙasan da ya faɗi ne ta fi yawa. Wanda ya shiga ceto shi ma ya faɗi a kansa. Duk wanda ya taso a karkara ya san irin wannan a tsohuwar rijiya, inda mai yasa ke zura fitila da igiya ya ga ko za ta mutu kafin ya sauka.

Sai dai wannan dabara a ramin kwal ita kanta ajali ce, domin akwai wata iskar mai kamawa da wuta da ke fita daga jikin kwal. Idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wurin, ƙyastin ashana ko tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da ramin gaba ɗaya. Don haka ne Humphry Davy ya ƙera fitila mai rufin raga a 1815, kuma masu haƙar kwal a Ingila suka riƙa shiga da kanari a keji har zuwa 1986, saboda gubar iska tana kayar da tsuntsun kafin ta kayar da mutum. Waɗannan mutane ne da suka san ramin kamar tafin hannunsu, ana hura musu iska, ana duba rufin kullum. Mai waya da tocila ba shi da ko ɗaya daga ciki.

Ga kuma sauran. Katakon da ke tallafe da rufi ya shekara 30 ko 50 yana shan laima, a ido yana tsaye, a ciki ya zama gari. Ruwan da ake gani kamar iya idon sawu yana iya ɓoye wata rijiya mai zurfin gaba da yawa. Da an kashe injinan zuƙe ruwa, kowane rami mai zurfi cika yake yi. Akwai macizai da kunamu a baki, akwai kashin jemagu mai sa ciwon huhu, akwai tsofaffin nakiyoyin da aka manta, waɗanda tsufa ke ƙara musu saurin tashi. Waya ba ta samun sabis a ciki. Kududdufan kuza kuma gaɓarsu a tsaye take, ƙasansu laka ce mai riƙe ƙafa. Ba mu manta da ruftawar ramin Galkogo a ƙaramar hukumar Shiroro ba, a watan Yunin 2024, inda ƙasa ta binne ma'aikata da dama, ko gubar dalmar Zamfara ta 2010 da ta kashe yara sama da 400 a Bagega da Dareta da maƙwabtansu, saboda dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje. Ana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma addini bai yarda mutum ya jefa kansa ga halaka ba. Hukuncin a taƙaice shi ne: kada a shiga. A tsaya a baki.

Hoton da zai yi amfani

Tsayawa a baki ba asara ba ce, domin kusan duk abin da ya cancanci ɗauka a waje yake. Cikin rami duhu ne da jiƙaƙƙen dutse, na Enugu da na Folan duk kamarsu ɗaya. Abin da ya bambanta wuri da wuri shi ne abin da mutane suka bari a sarari: ɗakin biyan albashi da 'yar tagarsa, layin ɗakunan leburori a gangare da gidan manaja a kan tudu, masallacin bariki, maƙabarta, tankin ruwa, sikeli.

A duba guntun dogo ɗaya da ya rage a ƙasa. Idan aka durƙusa aka goge gefensa da tsumma, galibi za a ga rubutu ya taso a jikin ƙarfen: sunan masana'antar da ta ƙera shi da shekarar da aka yi shi. Jikin tukunyar injin ma akwai ɗan allon ƙarfe mai suna da lamba. Da hantsi ko da la'asar, lokacin da rana ke dukan abu ta gefe, rubutun yakan fito sarai ko a ƙaramar waya. Wannan hoto ɗaya yana gaya wa mai bincike shekarar da aka kawo kayan da ƙasar da suka fito. Ranar da mai gwangwan ya sa wuta ya yanka ƙarfen, shaidar ta tafi ke nan. Ba a ga laifinsa ba shi kaɗai, abinci yake nema, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa abin yana da wata daraja da ta wuce kilo.

Akwai ladubban da aikin ke buƙata. Ba a faɗa wa gari da kyamara kamar an shiga kasuwa. A fara da gidan mai unguwa ko dagaci, a ce ranka ya daɗe ga abin da ya kawo mu, a nemi ɗan rakiya wanda ya san inda ƙasa ke da rami. Idan akwai mai gadi ko kamfanin da ke riƙe da lasisin wurin, a nemi izininsa. Kada a ɗauki fuskar mai haƙa ko matan da ke wanke kuza sai sun yarda, domin tun da gwamnati ta ƙaddamar da dakarun tsaron ma'adinai a 2024 hoto na iya jawo wa talaka kamu. Kada a ɗauke komai daga wurin. A yanayin tsaron da ake ciki kuma, a tambayi halin hanya kafin a kama ta, a tafi da rana, a bar labari a gida.

Kowane hoto a rubuta masa rana da wuri da abin da ke ciki. Hoton da ba shi da bayani, bayan shekara 10 ko mai shi ba zai iya cewa ina ne ba. Sannan a juya wayar ga mutane. A zauna gaban dattijon da ya yi aiki a Riruwai, ko tsohuwar da mahaifinta ya je ɗiban gwamna, a ce Baba ko Iya a ba mu labari, a bar su su yi magana ba tare da katsewa ba. Nawa ake biya a mako? Wa ke dafa abinci? Me ake yi wa wanda ya gudu? Su wa suka tafi daga garin nan ba su dawo ba? Irin wannan tambaya ce ta sa littafin Bill Freund kan ma'aikatan kuza, na 1981, da na Carolyn Brown kan ma'aikatan kwal na Enugu, na 2003, suka zama abin dogaro. Dukansu baƙi ne. Ɗan gari da ke jin harshen, ya san gidajen, ya fi su damar jin abin da ba a gaya wa baƙo.

Wa zai riƙe amanar

Wasu ƙasashen da suka fi mu cin moriyar kwal sun rufe ramukansu da yawa, amma ba su bar wuraren sun ɓace ba. Ramin Big Pit a yankin Wales an rufe shi a 1980, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1983, tsofaffin ma'aikatansa ne ke sauka da baƙi bayan an tabbatar da iska da rufi. Zollverein a birnin Essen na Jamus ya daina aiki a 1986, a 2001 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Kafin hukumomi su farga, wasu mata da miji masu ɗaukar hoto, Bernd da Hilla Becher, sun shafe shekaru suna bin irin waɗannan gine-gine ɗaya bayan ɗaya suna ɗauka daga waje, a tsanake, kowanne da sunansa da shekararsa. Da yawa daga abin da suka ɗauka an rushe, hotunan ne suka rage.

Mu ma muna da inda za a ajiye. Akwai Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, akwai sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, akwai Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Akwai kuma dokar ma'adinai ta 2007, wadda ta wajabta wa mai lasisi ya gyara wurin da ya haƙa kafin ya tashi. Hoto mai kwanan wata hujja ce a hannun al'umma ranar da za ta nemi a cika wannan doka. Shi ya sa bai kamata a jira sai wuri ya zama kufai ba. Ramin kwal na Maiganga a ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, wanda ke ciyar da masana'antar siminti ta Ashaka, yana aiki yanzu. Haka na kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 kusa da Cirozerin a jihar Agadas ta ƙasar Nijar, wanda ke ba Arlit da Agadas wuta. Kowane ma'adini yana ƙarewa, ko kasuwarsa ta mutu. Yadda gonaki da rijiyoyin maƙwabtansu suke a yau, yanzu ne lokacin ɗaukarsa.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Malamin tarihi a makarantar sakandare a Ikara ko Maƙarfi ko Hunƙuyi zai iya ba ɗalibansa aikin hutu, kowa ya tambayo a gidansu ko akwai wanda ya je kuza, ya rubuto sunansa da garin da aka kai shi. Ƙungiyoyin ɗalibai da na ci gaban gari za su iya tara waɗannan sunaye da muryoyi da hotuna, su ajiye kwafi a gari, su kai kwafi Zariya da Kaduna. Ƙananan hukumomin da ke da tsofaffin ramuka su kewaye bakunansu, su kafa allon gargaɗi da Hausa, da boko da ajami. Wanda aka ɗiba yana ɗan shekara 18 a 1943, in yana raye, ya kai shekara 100. 'Ya'yansa da suka ji daga bakinsa su ma sun manyanta. Waɗanda suka yi aiki a ramin Riruwai suna nan da ƙarfinsu da tunaninsu, kuma za su yi magana idan aka je aka gaishe su aka tambaya. A fara da su a ranin bana.